Wai da gaske ne ƙanƙara na girgiza ƙasa a Girinlan?

Malam_Sabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ta kawo ni, kuma ba tawa ba ce, ta wani ɗalibina ce ɗan aji biyar. Labarin ƙasa nake koya musu, muna kan babin girgizar ƙasa. Na gama zana musu a allo yadda ɓangarorin ɓawon duniya ke gogar juna, sai yaron nan ya ɗaga hannu ya ce wai ya ji a rediyo cewa a Girinlan, babban tsibirin nan na can arewacin duniya, ƙanƙara ce ke girgiza ƙasa, har ƙarfin ya kai maki 5 a ma'aunin girgizar ƙasa. Na ce masa zauna, ƙanƙara ba ta girgiza ƙasa. 'Yan aji suka yi masa dariya. Da na koma gida abin ya tsaya min a rai, don na san yaron ba ya ƙirƙirar magana. Masu sani ku fitar da ni: ni na yi kuskure ko shi? In ni ne, ranar Litinin zan gyara a gaban aji.

Baban_Khalifa: Wa alaikumussalam Malam. Ni a ganina ka yi daidai. Maki 5 fa ba wasa ba ne, yana kayar da gidan ƙasa. Ƙanƙarar da in ka ajiye ta a rana minti goma ta koma ruwa? Turawan nan in suna neman kuɗin bincike babu abin da ba za su faɗa ba.

Mai_Ƙanƙara_Fagge: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara goma sha huɗu ina wannan sana'ar. In ka fito da bulon ƙanƙara daga inji ka watsa masa ruwa don ya saki, za ka ji "ƙas!" ya tsage daga ciki, farin layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa. In hannunka na kai, har tafin hannunka kake ji. To wannan bulo ɗaya ke nan da yaro ke ɗauka a kai. Ina ga wadda ta kai girman gari? Ni dai ba zan yi saurin ƙaryata yaron ba.

Bilkisu_Tromso: Malam Sabo, a yi haƙuri, yaron ne ke da gaskiya. A nan Nowe nake karatu kuma fannin da nake ciki ke nan, don haka bari in ɗan tsawaita.

A 2003 wasu masana a Jami'ar Harvard, Göran Ekström da Meredith Nettles, da wani abokin aikinsu Geoffrey Abers, suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun bi bayanan na'urorin auna girgizar ƙasa na duniya suna neman girgizar da ba ta shiga kundi ba, sai suka tarar da wasu masu ƙarfin kusan maki 5 da babu wanda ya taɓa rubuta su. Da suka bi sawunsu, yawancinsu daga gaɓar Girinlan suke fitowa, daidai bakin manyan kogunan ƙanƙara irin su Helheim da Kangerlussuaq a gabas da Sermeq Kujalleq a yamma.

Yaya aka yi suka ɓuya? Girgizar ƙasa ta dutse mai maki 5 cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu take sauke ƙarfinta. Wannan kuwa tana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 60. Kamar bambancin mari ne da a dafa ka a tura ka a hankali. Na'urorin an saita su ne su kama marin, sai turin ya riƙa wucewa. Shi ya sa kuma ko kana tsaye a garin da ke kusa ba za ka ji gidanka ya motsa ba. @Baban_Khalifa, wannan ce amsar maganar gidan ƙasa.

Baban_Khalifa: To Malama, in babu wanda ya ji, da wane dalili za a kira ta girgizar ƙasa?

Bilkisu_Tromso: Saboda ƙasar ta girgiza, Yaya. Na'urar da ke nisan dubban kilomita ta rubuta. Ba da jikin mutum ake aunawa ba.

Alhaji_Tanko_Zariya: 'Yata Bilkisu, Allah ya ƙara basira. Amma kafin ku yi nisa, ku tsaya mu gyara Hausar. Mene ne kuma "kogin ƙanƙara"? Kogi ruwa ne mai gudu. Ni a rediyo "tsaunin ƙanƙara" na saba ji.

Hadiza_M: Baba, ni ma da farko haka na ɗauka, amma kogi ya fi dacewa, don tafiya yake yi. Dusar ƙanƙara ce ke zuba shekara da shekaru ba ta narkewa, ta sama na danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta kuma ya sa ta malala zuwa gangare. Kamar ka zuba kunu mai kauri a faranti ka karkata shi. Shi Sermeq Kujalleq da aka ambata, a lokacin zafin 2012 an auna shi yana tafiyar kusan mita 46 a rana. Tsauni ai ba ya tafiya. "Tsaunin ƙanƙara" a bar wa guntun da ya ɓalle yana yawo a teku.

Alhaji_Tanko_Zariya: Mita 46 a rana, ko hawainiya ta fi shi sauri, amma na yarda tafiya ce. A bar shi a kogi.

Malam_Sabo: Na fara ganin inda na faɗi. Amma Malama Bilkisu, yaron zai tambaye ni ta yaya. Me ke faruwa a bakin kogin har ƙasa ta amsa?

Bilkisu_Tromso: Su kansu masu binciken da farko sun zaci kogin ne gaba ɗaya ke zabura gaba lokaci guda. Daga baya aka gano ba haka ba ne.

Ka ɗauka kogin ya iso teku. Bakinsa bango ne na ƙanƙara, tsayinsa daga ƙasan teku zuwa sama ya kai ɗaruruwan mita, mafi yawansa a cikin ruwa. Sai wani yanki ya tsage daga sama har ƙasa, dogo siriri kamar ƙyauren ƙofa da aka cire aka tsayar. Ba zai iya tsayuwa haka a ruwa ba, dole ya kife ya kwanta. Yayin da yake kifewa yana tokare da bangon da ya fito daga ciki, yana tura shi baya, bangon kuma yana tura ƙasar da yake zaune a kai. Turin nan na guntun da nauyinsa kan kai tan miliyan ɗaruruwa shi ne girgizar.

An ga wannan da ido. Tawagar Tavi Murray ta Jami'ar Swansea ta dasa na'urorin GPS a kan Helheim a 2013, kusa da baki sosai, inda sun san wasu za su faɗa teku tare da ƙanƙarar. Na'urorin suka nuna cewa a daidai lokacin ɓallewar, kogin da kullum gaba yake yi sai ya ja da baya na 'yan mintoci, ya kuma ɗan duƙa, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. A 2015 aka wallafa.

Abin dariya, kalmar da Turawa ke kiran ɓallewar nan da ita ita ce ta haihuwar saniya. Wai kogin ya haihu.

Garba_Rugga: To wannan ɗan maraƙi sai dai a yi masa turke a teku 😂

Baban_Khalifa: Har yanzu ina kokwanto kan girman. Duka-duka nawa ƙanƙarar take?

Injiniya_Lawal: Shimfiɗar ƙanƙarar Girinlan ta kai murabba'in kilomita miliyan 1.7. Najeriya gaba ɗayanta 923,768 ce. Wato ka ɗauki Najeriya kusan biyu ka rufe su da ƙanƙara, a tsakiya kaurinta ya kai kilomita 3. Ba ta cikin firij ake magana ba, Baban Khalifa.

Ɗan_Mpape: Ni dai tunda ake maganar girgiza gabana ke faɗuwa. Ina Mpape ta Abuja a Satumbar 2018. Da asuba ne, na ji kamar tirela ta daki katangar gidanmu, kwanukan da ke kan kanta suka yi ƙara, matata ta suri yaro ta yi waje ba ko mayafi. Kwana uku ana yi ana sakewa. Wasu suka ce masu fasa dutse ne, wasu suka ce rijiyoyin burtsatse ne suka yi yawa. Tambayata: na'urar da ke jin ƙanƙara a Girinlan ita ce irin wadda ake auna namu da ita? Kuma ta yaya take bambance fasa dutse da girgizar gaske?

Injiniya_Lawal: Iri ɗaya ce. Muna da cibiyar da ke wannan aikin a Toro ta jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa. Ita na'urar ba ta san komai ba, motsin ƙasa kawai take rubutawa: sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa. Mutum ne ke karanta rubutun. Nakiyar fasa dutse tana tura ƙasa waje ta kowace fuska lokaci guda, tsagewar dutse kuwa tana tura wani ɓangare ta ja wani. Kowanne da sa hannunsa. Kuma in kana da tashoshi uku ko fiye, daga bambancin lokacin da motsin ya isa kowacce kake gane inda ya taso. Kafin Mpape ma an yi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016.

Wani abin da zai ba ku mamaki: akwai wani bugu da na'urorin duniya ke ji kowane daƙiƙa 26, tun farkon shekarun 1960 wani masani Jack Oliver ya lura da shi, kuma daga tekun Gini yake fitowa, wajen mashigin Bonny, a ƙofar gidanmu. Har yau ana gardama, wasu sun ce igiyar ruwa ce ke dukan gaɓar ƙarƙashin teku, wasu sun ce dutse mai aman wuta ne wajen São Tomé.

Hadiza_M: Ikon Allah. Mu ma ashe muna da namu.

Shugaban_Zaure: Jama'a a dawo kan ƙanƙara. Maganar Mpape a buɗe mata nata zaren.

Bilkisu_Tromso: Na gode shugaba. Ina so in gyara wani abu kada Malam ya je ya gaya wa yara cewa duk girgizar ƙanƙara maki 5 ce. Waɗancan manya ne, 'yan goma ake samu a shekara. Na yau da kullum ƙanana ne ƙwarai, kuma su ne aikinmu.

Na je Svalbard, tsibiran Nowe da ke can arewa, wani kwas na 'yan makonni, muka hau wani kogin ƙanƙara da na'urorinmu. Kowace na'ura ba ta fi gwangwanin madara girma ba. Ka haƙa rami a ƙanƙara, ka zaunar da ita daidai, akwai ɗan kumfa a cikin gilashi da sai ya tsaya a tsakiya kamar na magina, ka rufe, ka ja waya zuwa akwatin batir. Ɗaya daga cikinmu aikinsa kawai ya tsaya da bindiga yana duba ko'ina saboda farin beyar, don a can in za ka fita bayan gari dole a tafi da abin kariya.

Da muka gama, malamin ya ce kowa ya yi shiru. Na kwanta na kafa kunnena a kan ƙanƙarar. Wallahi Malam, Mai Ƙanƙara bai yi ƙarya ba. "Ƙas... ƙas-ƙas...", wani kusa wani can nesa, a ƙarƙashinsu kuma wani gurnani mara yankewa kamar injin niƙa a unguwar gaba. Wannan ruwa ne ke gudu a cikin cikinta.

Bayan kwana biyar muka koma. Na'urata ɗaya rana ta narkar da ƙanƙarar da ke kewaye da ita, na tarar da ita kwance a cikin ɗan tafki ta karkace, bayananta na kwana biyun ƙarshe ba su da amfani. Ɗaya kuma farar yanyawa ta tauna wayarta ta raba biyu. Sauran da suka tsira, da muka buɗe a kwamfuta, girgiza ce ɗaruruwa a kowace rana.

Iri-iri ne. Akwai ta tsagewar sama, in ƙanƙara ta miƙe ta buɗe baki. Akwai ta can ƙasa, inda ƙanƙara ke zaune kan dutse ko laka: ta maƙale, ta ƙwace, ta maƙale, ta ƙwace, kamar jan buhun hatsi a kan siminti. Akwai ta ruwa, wadda ƙarfinta ke hawa da sauka da yawan ruwan da ke bi ta ƙasa. Akwai ta ɓallewa a baki. Ta ƙasan nan ita ce abin nema, don saurin da kogi zai kai ƙanƙara teku ya dogara ne da yadda gindinsa ke zamewa, kuma tauraron ɗan'adam saman kawai yake gani.

Ummu_Aisha: Ƙanwata, ni wani abu daban ya dame ni. An ce can rana ba ta faɗuwa a lokacin zafi. Yaya kike sallah?

Bilkisu_Tromso: Anti, da jadawalin lokutan Makka nake bi a irin waɗannan watannin, kamar yadda da yawa a nan ke yi. Amma wannan zance ne mai tsawo, kada shugaba ya kore mu.

Baban_Khalifa: To na ji, akwai girgizar. Amma ga inda nake zargi. Kullum sai a ce abin na ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi. In ka ƙara yawan kunnuwa ai dole ka ƙara jin magana. Da babu na'urori a can, yanzu sun cika wurin, sai su ce girgiza ta ƙaru.

Injiniya_Lawal: Wannan tambayar taka ta fi ta farko nauyi, kuma su ma sun yi wa kansu ita. Wani bincike na 2006 da ya nuna ƙaruwar bai dogara da sababbin na'urori ba. Da tashoshin duniya da ke aiki tun tuni aka ƙirga, aka koma baya zuwa 1993, aka ga adadin 2005 ya ninka na kowace shekara kafin 2003. Kuma an fi samunsu a Yuli da Agusta, lokacin zafinsu, ita kuwa girgizar dutse ba ruwanta da rani ko damina. Babban shirin dasa tashoshi a Girinlan ɗin kansa, wanda ƙasashe da dama suka haɗu a kai, sai 2009 ya fara.

Bilkisu_Tromso: Haka ne Injiniya, amma in ba Baban Khalifa haƙƙinsa, ba a ɗaukar adadin girgizar a ce shi ne ma'aunin zafi. Babbar girgizar tana faruwa ne in bakin kogin yana zaune ko kusan zaune a ƙasan teku. In yana da dogon harshe da ke shawagi a kan ruwa, guntayen da ke ɓallewa faffaɗa ne kamar tabarma, su tafi salin-alin ba kifewa, na'ura ba ta jin komai. Don haka kogi na iya zubar da ƙanƙara mai yawa shiru. Abin da girgizar ke gaya maka shi ne yanayin bakin ya canja. Sai ka haɗa da hoton tauraron ɗan'adam da zafin ruwan teku kafin ka yanke hukunci.

Wani misali: a kogin Bowdoin kusa da Qaanaaq, can arewa maso yammacin Girinlan, Evgeny Podolskiy na Jami'ar Hokkaido ta Jafan ya ga ƙananan girgizar na ƙaruwa duk lokacin da ruwan teku ya ja baya. Ruwan da ke tokare da bakin ya ragu, kogin ya ƙara sauri, saman ya tsattsage. Wannan cikowa da janyewar teku ce, ba ɗumamar yanayi ba.

Baban_Khalifa: Yawwa. Haka nake so a riƙa faɗa, ba komai a jibga wa abu ɗaya ba.

Hadiza_M: Kada ka yi murna da wuri, Yaya. Yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya inda Girinlan take, tun 1979 yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Harsunan da take magana ai narkewa suka yi suka karye, shi ya sa bakin ya koma zaune.

Issoufou_Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Ni wanda na ji ya fi duk waɗannan. An ce a 2023 duniya gaba ɗaya ta yi kwana tara tana rawa saboda ƙanƙarar Girinlan, masana suka rasa gane ko mene ne. Wataƙila shi yaron Malam ya ji a rediyo.

Bilkisu_Tromso: Wa alaikumussalam Malam Issoufou. Ya faru, amma ba girgizar ƙanƙara ba ce kai tsaye. Ranar 16 ga Satumba 2023 ne, a mashigin teku na Dickson a gabashin Girinlan. Kan wani dutse ne ya rufto, saboda kogin ƙanƙarar da ke tallafe da gindinsa ya sirance. Dutse da ƙanƙara kimanin kubik mita miliyan 25 suka afka cikin ruwa, igiyar ta hau gaɓa har mita 200. Mashigin dogo ne matsattse tsakanin duwatsu, ruwan ya rasa hanyar fita, sai ya riƙa kai-komo daga wannan bango zuwa wancan, kamar ka ɗauko ruwa a baho ka ajiye yana tangaɗi. Kowane zuwa da dawowa kusan daƙiƙa 92. Shi ne na'urori suka yi ta ji har Antatika, kwana tara, sauti ɗaya ba canji. Sai da masana 68 daga ƙasashe 15 suka haɗu kafin a warware, aka wallafa bayan shekara guda. Ba a rasa rai ba, amma igiyar ta lalata wani sansani a tsibirin Ella mai nisan kilomita 70.

Wani irinsa na 2017 ne ya yi ɓarna. Ranar 17 ga Yuni dutse ya zaftare a mashigin Karrat, igiyar ta shiga ƙauyen Nuugaatsiaq ta tafi da gidaje, mutum huɗu suka rasu, aka kwashe mutanen ƙauyen. Shi ma da farko an zaci girgizar ƙasa ce, sai da aka duba sa hannun da Injiniya ya faɗa.

Issoufou_Damagaram: Allah ya kyauta. Na gode da gyara.

Auwal_Faiba: Ni aikina shimfiɗa wayar faiba ta intanet. Wani ya ce min yanzu da irin wayarmu ake sauraron ƙanƙarar. Na ɗauka zolaya ce. Waya ce fa kawai, zaren gilashi, ba ta da kunne.

Injiniya_Lawal: Ba zolaya ba ce, Auwal. Ka san na'urar da kuke haska wa waya don gano inda ta karye? Dabarar ɗaya ce, an dai ƙara mata kaifi. Ana harba hasken leza cikin zaren sau dubbai a daƙiƙa, ɗan kaɗan na dawowa daga ƙananan tabon da ke jikin gilashin. In wani wuri ya miƙe ko ya matse ko da ƙanƙanin abu ne, hasken da ya dawo daga nan zai canja. Sai waya ɗaya ta zama kamar na'urori ɗaruruwa a jere.

Bilkisu_Tromso: Kuma ana zura ta cikin rami. A 2019 an yi a kogin Store a yammacin Girinlan, aka huda da ruwan zafi sama da kilomita ɗaya har ƙasa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Andreas Fichtner na Zurich, da aka wallafa a farkon 2025. A arewa maso gabashin Girinlan akwai rami mai zurfin kusan mita 2,700 da aka haƙa don ciro tsohuwar ƙanƙara. Suka zura waya mita 1,500, suka saurara na awa 14. Sai ga ƙananan girgiza a can cikin tsakiyar ƙanƙarar, wannan na tayar da wancan a jere. A da ana ɗauka cikin yana malala ne sumul kamar zuma. Me ya sa ba a taɓa jinsu daga sama ba? A zurfin mita 900 akwai siririn shimfiɗar toka da ke tare su. Tokar kuwa ta dutsen Mazama ce a jihar Oregon ta Amurka, wanda ya yi aman wuta shekara 7,700 da suka wuce, iska ta kai ta can.

Alhaji_Tanko_Zariya: Subhanallah. Toka ta tashi daga Amurka tun kafin a san da Amurka, ta je ta kwanta tana jiran wayar Auwal.

Auwal_Faiba: Baba, mu nan tamu masu gyaran kwalbati ke sarewa duk mako 😅

Sani_Agege: Duk na ji. Amma ku gaya min gaskiya, mu da ke Legas ya kamata mu fara haɗa kaya ne? An ce in ta narke teku zai hau mita 7.

Hadiza_M: In duka ta narke ke nan, kuma wannan ba aikin shekara ɗari ba ne. A yanzu Girinlan na asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, kuma sai an zuba tan biliyan 360 teku ke hawa milimita ɗaya. Ka ga nata kason bai cika milimita ɗaya a shekara ba. Sai dai yana taruwa, ga na Antatika, ga kumburin ruwa in ya yi ɗumi, ga Legas ita kanta wasu unguwanninta na nutsewa. Abin da ba a iya hasashensa da kyau shi ne saurin kogunan nan gaba, shi ya sa su Bilkisu ke kwanciya a ƙanƙara.

Bilkisu_Tromso: Saurin ma na iya canjawa cikin dare ɗaya. A Yulin 2006 tawagar Sarah Das ta ajiye na'urori gefen wani tafki da ya taru a saman ƙanƙarar Girinlan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5. Ƙasansa ya tsage, ruwan ya zurare ta cikin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita ɗaya cikin kamar awa ɗaya da rabi, ya ɗaga wurin sama da mita ɗaya. Babu kowa a wurin a lokacin, na'urorin ne suka ba da labari. Amfaninsu ke nan. A Svalbard daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu ba a ganin rana, kyamara ba ta da aiki, amma tashar Ny-Ålesund na ƙirga ɓallewar kogin Kronebreen dare da rana. Cibiyar NORSAR ta nan Nowe da ke cikin masu wannan aikin, a 1968 aka kafa ta don sauraron gwajin makaman nukiliya. A da, motsin ƙanƙara a wurinsu hayaniya ce mai damun su.

Malam_Sabo: 'Yan uwa, na dawo da rahoto. Yau Litinin na shiga aji na kira yaron gaban allo, na ce jama'a ranar Alhamis ni na yi kuskure, shi ke da gaskiya. Ajin ya yi tsit, don ba su saba ji ba. Na tsayar da littafi a cikin bokitin ruwa na sake shi ya kife, na nuna musu yadda yake tokarar gefen bokitin. Littafin dai ya tafi. Sai yaron ya sake ɗaga hannu: wai tunda ba dutse ne ya tsage ba, kuma babu wanda ya ji, me ya sa ba a sama mata wani suna daban ba? Na ce masa zan tambayo.

Baban_Khalifa: Kun ji ko? Tambayata ce sak. Yaron nan ɗana ne a wannan maganar.

Alhaji_Tanko_Zariya: Ni da za a bi tawa, ƙananan a ce "tsagewar ƙanƙara", manyan a ce "girgizar ƙanƙara", a bar wa dutse "girgizar ƙasa".

Injiniya_Lawal: Baba, amma fa ƙasar ce ta kawo motsin har na'urar da ke wata nahiya. In ba ta girgiza ba, me ya iso?

Hadiza_M: To ta gindi da ke maƙalewa tana ƙwacewa fa? Ita ba tsagewa ba ce, Baba.

Mai_Ƙanƙara_Fagge: Ku dai ku daidaita sunan. Malam Sabo, in makarantarku a cikin Kano take, turo yaro da kula ranar Laraba da safe in ba ku bulo ɗaya kyauta, ku watsa masa ruwa a gaban aji kowa ya ɗora hannu ya ji. Amma a kira ni tukuna, don kwana biyu ke nan ba mu ga wuta ba.